Sunan Ɗan Fari

…kuma ai ba ita ta ce a taɓa injin ba! Jiya lafiya lau yake buɗewa, sai ga Idirisa, ɗan ƙanenta da porze, ƙungiyar agajin nan, ta ɗauka aikin odinateri, wato kwamfuta, ya zo daga Yamai ya zuba masa sabon tsari, ya ba kowa lambar sirri, ya hau mota ya yi gaba. Yau Tsahara na buga tata, inji na cewa bai san ta ba. Ita! Ita da ke rubuta yaran yunwa a gidan likitan nan na Maraɗi tun da gero ya ƙare a rumbuna…

A waje matan Tibiri da Jiratawa sun cika rumfa, goyo kamar tsumma a baya. In takarda ba ta fito daga inji ba, mai magaze, ɗakin ajiyar abinci, ba zai ba da ko ludayin gari ba — wai doka. Bara da zaɓe har ƙofar ɗaki aka kai musu atamfa, wa ya tambaye su lambar sirri?

Tana danna wurin waɗanda suka manta lambarsu. Inji na kawo tambaya. Innalillahi… Sunan ɗanki na fari.

Idirisa! Ɗan ƙwal uba, a wane gida aka yi maka tarbiyya? Duk tambayoyin duniya — garinsu, sunan akuyarta ma — sai wagga? Shi ya zaɓa, shi ya cike amsa, tunda ya san sunan ɗan gwaggonsa. Wayarsa kuma a kashe. Boko ya wanke masa kunya tas! Wace uwa ce ke kama sunan ɗan fari? Ko ranar suna kunne ta toshe. "Wancan" take cewa, kowa ya gane.

A kira Sha'ibu mai gadi ya buga? Ai sai ta faɗa masa da baki — ya fi muni. Rubutu ba faɗa ba ne… ko faɗa ne? Kafin hannu ya rubuta ai zuciya ta kira.

Sha'ibun ne ma ke leƙowa. "Inna, wata ɗiyarta ko kuka ba ta yi. Mi za a ce musu?"

"Su dakata!"

Dakata… abin da ta so ta ce ke nan ranar, a tasha, wancan yana bisa kayan motar Agadas da galan ɗin ruwa, wai Libiya. Har yau ba saƙo, ba gawa. Mota ta ɗaga, sunan ya taso har maƙogwaro — kunya ta tare. "Kai!" kawai ya fito. Samari duk suka waiwayo, ban da shi. Ina zai san da shi ake?

Yatsanta na bisa harafin farko. Sunan da ta hana mai shi, yau ƙarfe za ta miƙa wa? Tana danna ɗaya. Na biyun… wayyo, hannun ya ƙi.