Kaurin da Tasalla Ta Dafa a Gwandu

A Kalgo, zamanin da Nasara bai tafi ba, idan sanyi ya sauka har masunta suka fara shakkar taɓa ruwa da asuba, gida ɗaya ake aika ƙwarya, gidan Tasalla. In ta daka barkono da citta da masoro da kimba ta zuba a kan ƙafar sa, mai mura ma sai ya yar da bargo yana sharce gumi. Ta iya, ba a musu. Matsalar ita ce ta san ta iya. Ba ta taɓa cin miyar wata mace ta yi shiru ba, wadda ta fi kowa shan bakinta kuwa ita ce Hauwa'u, matar ɗanta Hamidu, baiwar Allah mai sanyin hali.

"Wagga," in ji Tasalla a gaban kowa, "ko ruwan zafi kika ba ta sai ta ƙona shi."

To amma akwai abin da Tasalla ta binne a cikinta. Da daminar bana ta yi wani mugun zazzaɓi na sati biyu. Ta tashi, harshenta bai tashi ba. Zuma da maɗaci duk suka zame mata ɗaya. Hancin ma ya bi sahu, ko daddawa aka kai mata ba ta ji. Ta zaga bayan rumbu ta sha kukanta, ta share ido, ba ta gaya wa kowa ba. Ta ci gaba da girki da awon hannu, tana kai ludayi baki don idon jama'a. Ikon Allah, miya ta ci gaba da daɗi, ana ci ana yabo. Sai ta ce a ranta, ai shi ke nan, hannu ya riga ya haddace aikinsa.

Ana tsakiyar sanyi saƙo ya zo daga Gwandu. Kubura, 'yar Tasalla da ke aure a can gidan malamai, ta sauka lafiya, namiji. Haihuwa ta biyu ce, shi ya sa ba ta zo gida wanka ba. Uwar mijinta, Goggo Indo, ta ce lallai Tasalla ta zo ta dafa kauri da hannunta. Kauri kuwa shi ne kan sa da ƙafafun da uban jariri yake saye, a dafa da yaji mai yawa, mai jego ta sha romo jikinta ya yi ƙwari, sauran a rarraba wa dangi da maƙwabta. Goggo Indo ta cika unguwa da labarin farfesun Kalgo, kowa ya wanke akushi yana jira.

Hauwa'u ta durƙusa. "Inna, ki tafi da ni, ko icce in riƙa tura miki."

"Mi za ki yi a Gwandu? Ki kunyata ni?"

Hamidu ne ya sa baki, ya nace, abin da bai saba ba, har uwar ta ce to, ta zo ta ɗauki kaya. Suka hau motar katako zuwa Birnin Kabi, daga nan suka sami wata mai ɗaukar gyaɗa. Hauwa'u tana rungume da tulun yaji da ƙunshin busasshen kifin da aka yi wa mai jego tsaraba.

Ranar kauri tun da hantsi tsakar gidan ta cika. Mata sun kewaye murhu suna jin ɗumi, kowace ta ja zane ta rufe kafaɗa, an zo ganin ikon Allah. Tasalla ta ɗaura ɗamara. Ta babbaka kai da ƙafafu, ta kankare, ta sara, ta jera a katuwar tukunya, tana yi tana bayani kamar mai ba da karatu. Goggo Indo ta kawo ƙoƙuna biyu ta ajiye a gefe, ɗaya dakakken gishirin Balma, ɗaya dakakkiyar kanwa ta kunun mai jego. Ga ido kusan kamarsu ɗaya, masu duhu-duhu. Kowace mace a wurin ta san yadda ake rabewa, a dangwala a kai harshe. Tasalla ta dangwala na farko, ta kai harshe, ba ta ji komai ba. Ido ashirin a kanta. Tambaya ɗaya ce da ta fisshe ta, amma ina! Tasalla ta Kalgo ta tambayi matan Gwandu wanne ne gishiri? Ta gyaɗa kai, ta cika hannu ta zuba, ta ƙara, ta ƙara na uku.

"Inna," in ji Hauwa'u a hankali, "wannan ƙoƙon..."

"Rufe min baki! Tura icce."

Can azahar ta yi. Hauwa'u ta sake matsowa. "Inna, ki tafi ki yi salla, ni in tsare miki wuta." A gida kullum haka ake yi. Amma yau a gaban surukai Tasalla ta ce ba mai tsare mata tukunya. Ta shimfiɗa tabarma nan gefen murhu ta yi sallarta. Hauwa'u ta zauna ta zuba wa tukunya ido kamar mai zaman makoki.

Romo ya yi kumfa, ya yi duhu. Tasalla ta ce ruwan rijiyar Gwandu ne. Nama ya saki ƙashi tun kafin lokacinsa. Ta ce, "Kun ga hannu?" Ta ɗebo a ludayi, ta kurɓa, ta lumshe ido. "Ya yi."

Aka fara zuba wa mai jego, aka kai mata ɗaki. Aka cika akusa uku aka kai zaure, inda Malam Basharu, mijin Kubura, yake zaune da baƙinsa. Sannan Goggo Indo ta kurɓa nata. Mutanen Gwandu akwai kawaici, amma kawaici ma yana da iyaka. Fuskar tsohuwa ta tattare. Ta haɗiye da ƙyar, ta ce, "Madalla." Wata a bayanta ba ta iya ba, ta juya ta tofar a gindin katanga tana salati. Daga ɗaki aka jiwo Kubura tana kakarin amai. Sai ga akusan zaure sun dawo a rufe, cike kamar yadda suka tafi.

"Ta Kalgo," in ji Goggo Indo, murya ƙasa-ƙasa, "kanwa ce zalla. Yaya anka yi haka?"

Tasalla ta sunkuyar da kai. Ga sanyi, ga gumi yana bin bayanta. Da ƙasa za ta tsage da ta shige ta ja ta rufe.

"Ni ce, Goggo." Hauwa'u ce, a durƙushe, kai a ƙasa. "Bayan Inna ta ɗanɗana ta juya baya, sai na ga kamar gishiri bai ji ba, na ƙara. Ban san kanwa ce ba."

Wayyo, ka ji mata! Wannan ta ce rashin kunya, waccan ta ce rashin tarbiyya. Yarinya ta sa hannu a tukunyar uwar mijinta, ta ɓata kan sa guda, ta kunyata gidan malamai a gaban baƙi! Wata mai bakin tsiya ta ce daga yau sunanta Ta-kanwa, aka bushe da dariya. Goggo Indo ta ce in ita ce Hamidu, irin wannan sai ta je gidan ubanta ta koyo hankali tukuna. Tasalla kuwa fa? Tana tsaye, tana ji, ta san ƙarya ce. Kuma ta yi shiru. Kai, ba shiru kaɗai ba, har ta ce, "Ai na faɗa muku halinta." Maganar tana fita ta ji ta tsani kanta.

Ta sami Hauwa'u a bayan ɗaki tana wanke akusa da ruwan sanyi, yatsunta sun ƙage.

"Ke. Don mi kika yi ƙarya?"

Hauwa'u ba ta ɗago ba. "Ba duka ne ƙarya ba, Inna. Ina sa hannu a tukunyarki. Tun damina nake sawa, kullum in kin tafi salla. Ranar da gishiri ya yi yawa in ƙara ruwa da daddawa, ranar da babu in zuba. Yau ce kaɗai ban samu na sa ba."

Tasalla ta zauna a kan turmin da aka kifa. Wata shida! Duk yabon da ta sha, duk ƙwaryar da aka aiko, duk ranar da ta ce wa yarinyar nan zo ki ci ki koyi yadda ake miya.

"Hamidu ya sani?"

"Shi ya fara ganewa, ran da kika yi miyar kuka ba gishiri. Ya ce kada wanda ya faɗa miki."

Kunya iri biyu ce ta taru wa Tasalla, ta tukunya da ta bakinta, kuma ta biyun ta fi ciwo nesa ba kusa ba. Sannan ta miƙe, ta kama hannun Hauwa'u mai sanyi kamar ƙanƙara, ta ja ta har tsakar gida, inda mata ba su watse ba. Ta ɗauki ƙoƙon kanwa, ta ɗebi rabin tafi, ta watsa a baki, ta tauna a gabansu. Fuskarta ko gezau.

"Kun gani? Ba ni jin komi. Tun damina harshena ya mutu, na ɓoye. Ni na zuba kanwa da hannuna, har sau ukku. Wagga ɗiya ba ta taɓa tukunyar nan ba, rufa min asiri ta yi, ni kuwa na tsaya ana zaginta har na taya." Ta nuna Hauwa'u. "Miyar da kuka ji labari, bana duk tata ce."

Ba wadda ta yi dariya. Goggo Indo ta dubi ƙasa, ta ce, "Allah shi kyauta." Sannan ta ce mai jego fa tun safe ba abin da ya zauna a cikinta, ga sanyi yana ƙaruwa.

Kan sa dai ya tafi. Aka kwance ƙunshin kifin Kalgo, aka wanke ƙaramar tukunya. Tasalla ta gyara kifi, ta auna yaji, don wannan hannunta bai manta ba. Da ta zo kan gishiri sai ta tura ƙoƙuna biyun gaban Hauwa'u, ita ta nuna mata. Romo ya tafasa. Tasalla ta ɗebo a ludayi, hannu ya kama hanyar baki kamar yadda ya saba shekara talatin, ta tsayar da shi a tsakiya. Matan Gwandu suna kallo, ta miƙa wa matar ɗanta.

Hauwa'u ta kurɓa, ta matso za ta raɗa mata a kunne.

"Faɗi da ƙarfi," in ji Tasalla, hawaye na zuba. "Kowa shi ji."

"Saura kaɗan, Inna."

Tasalla ta ɗebi gishiri ta ƙara.