Kuɗin Dusar Sa

Rakiya ta tsaya a ƙofar shagon caca, ba ta ko yi sallama ba. Ta miƙa wa Gana mai shagon 'yar takardar da ta tsinta a aljihun mijinta.

"Karɓi abinka, ka ba ni jaka goma na dusa."

Mijin nata, Mai Nasara, yana zaune a benci, ido a kan talabijin, ya yi kamar ba da shi ake ba. Tun da gero ya ƙone a Droum suka dawo Damagaram da sa guda da amalanke, yana jan ruwa unguwa-unguwa. Da san suke ci. Kwana tara ke nan ta ba shi kuɗin buhun dusa, kullum sai ya ce mai dusa bai buɗe ba.

"Inna, abin da ya shiga na'ura ba ya fita," in ji Gana. "Ƙwallon Amirka ne ya sa wa. Ƙungiya huɗu ne a rukuninsu, shi ya ce masu jar riga za su zo na ɗaya. In sun zo, kowace jaka ta haifi ashirin."

"Yaushe?"

"Sai Janairu."

"Janairu! Wata uku? Sa zai yi azumi ke nan?"

Masu kallo suka kwashe da dariya. Sai a lokacin Mai Nasara ya juyo.

"Rakiya, wannan ba caca ba ce, sani ne. Dubi can, kokawa ce zalla, ƙwallon fakewa ce kawai. Shekara sha biyu ina shiga filin kokawa. In na ga ƙugun mutum da yadda ya kafa ƙafa, na san ko zai faɗi. Masu jar rigar nan ƙafarsu a ƙasa take."

Ta dubi talabijin. Wasu ƙarti masu hular ƙarfe sun dunƙule wuri ɗaya, suka zube, suka tashi, suka sake zubewa. Ta rasa inda ƙwallon ma take.

"Sau nawa suka ci?" ta tambayi Gana.

Gana ya sosa ƙeya. "Wasa biyar, an kayar da su huɗu. Na gaya masa, ba a ba da ashirin a kan mai ƙarfi."

"Zakaran gaske a karon ƙarshe yake tashi," in ji Mai Nasara.

Shekara ashirin da aure sun koya wa Rakiya cewa ba a kayar da shi da magana. Ta kama hannun rigarsa a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja shi waje.

San yana tsaye a rana ɗaure da amalanke, yana tauna wani kwalin siminti da ya tsinta.

"To, Malam mai sanin jiki, ga ƙugu, ga ƙafa. Faɗa mini, wannan zai kai Janairu?"

Mai Nasara ya zagaya shi sau ɗaya. Ya danna tozon da ya kwanta gefe, ya bi haƙarƙarin da yatsa, ya durƙusa ya dubi ƙafafun baya suna rawa. Ya daɗe a durƙushe. A cikin shago aka yi ihu, wani ya kira sunansa, bai waiwaya ba.

Ya miƙe ya fara sauke jarkokin ruwa ɗaya bayan ɗaya.

"Kada a sake ɗora masa komai," ya ce. "Ran Alhamis zan kai shi kasuwar shanu in sayar, tun yana iya tafiya da ƙafarsa."