Irin Maharazu

Ruwan da ya sauka a Korgom bayan an gama yankan hatsi ba wanda ya roƙe shi. Kwana da kwanaki sama na rufe, rana in ta leƙo sai ta koma, dammunan hatsi kuwa suna jibge a jiƙe. Zara'u ba ta damu da na ci ba, wannan ko ya yi baƙi a daka a sha. Abin da ya hana ta sukuni shi ne iri.

Mijinta Maharazu ya zaɓe shi da hannunsa, zangarniya bayan zangarniya, kafin ciwon ciki ya kwantar da shi ya tafi da shi. Hatsi ne mai saurin nuna da ya gada wurin ubansa, kuma duk garin ba mai shi, don marigayin, Allah ya jiƙansa, yana iya ba ka rigar wuyansa amma ban da iri. Matan unguwa sun taya ta sussuka, ga shi ƙwayar ta fara ɗumi cikin buhu tana warin ruɓa. Ita kuma tana takaba, ko zaure ba ta kaiwa.

Ƙungiyar manoman garin na da injin busar da hatsi, mai taya biyu, ana jan sa da amalanke, gas yake ci. Abin takaicin, mai kunna shi, Maharazu, shi ne aka binne. Isma'ila, wan mijinta, ya sa aka jawo shi ƙofar gida aka juye irin a ciki. Daga bayan danga Zara'u tana jin komai. Fanka ta tashi, wani abu ya yi ƙas, ƙas, ƙas, shiru. Aka sake, haka. Iska mai sanyi kawai injin ke hurawa, maza sun kewaye shi kowa da tasa shawara, alhali ba wanda ya taɓa buɗe cikinsa.

Da hantsi sai ga Alkasim daga Tasawa bisa moto, wato babur, mai gyaran injinan ban ruwa ne, mutum mai fara'a da saurin hannu. Ya jijjiga tukunyar gas ya ji da nauyi. Ya kwance buji mai tada wuta ya goge baƙin da ya rufe ta. Ya leƙa kafar da gas ke fitowa, sai ya yi dariya.

"Baba, zanzaro ya yi gini a nan. Tun yaushe rabon a kunna shi?"

"Tun bara," in ji Isma'ila. "Mai shi ba ya nan."

Alkasim ya yi gaisuwar ta'aziyya, ya sa tsinke ya fasa ginin, ya hure. Aka danna, wuta ta kama da ƙugi. Zara'u ta dafe ƙirji, hawaye suka zubo mata, don a da wannan ƙugin shi ke gaya mata mijinta na bakin aiki. Ba a jima ba wutar ta mutu. Aka kunna, ta ɗan ci, ta sake mutuwa.

"Ga mai laifin," in ji Alkasim. "Wannan ƴar wayar ce, da ta ji zafi sai ta yanke gas. Bari in tsallake ta, kafin la'asar kun kwashe."

Zara'u ta ji wannan magana. Ba ta san waya ba, amma ta san ranar busar da iri Maharazu ba ya gaggawa, don zafi in ya yi yawa kashe iri yake. Wuni yake zaune, hannunsa cikin ƙwaya, wuta ƙasa-ƙasa, har furarsa ta tsinke. Ta miƙe ta je jikin danga, ta buɗe baki.

To, me za ta ce? Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga murya gaban Yaya Isma'ila ba, ko ruwa za ta ba shi sai ta durƙusa ta kau da kai. Ga baƙon namiji, ga ta cikin takaba. Matan da suka taya ta duk sun tafi roron wake. Ta ce a ranta ai Yaya ya san iri ne, zai faɗa wa mai gyaran. Shi kuwa Isma'ila ya ɗauka mai gyara ya san aikinsa. Alkasim, bawan Allah, ba wanda ya ce masa komai, hatsi ya gani a jiƙe. Ta koma ta zauna bisa tabarma, wuta na ta ruri.

Kafin la'asar ɗin kuwa Isma'ila ya yi sallama, ya tsaya nesa, ya aje ƙwarya.

"Innar Sakina, ga shi ya bushe ƙayau. Allah ya rufa asiri."

"Sannu da wahala, Yaya. Allah ya saka."

Bayan ya fita ta jawo ƙwaryar. Zafi ya ratsa tafinta, ƙamshin tumu ya buge ta, irin na zangarniyar da aka gasa a wuta. Duk da haka ta ƙi yarda. Ta ɗebi kaɗan ta ƙulle a jiƙaƙƙen tsumma, ta tura ƙarƙashin randa, kullum da safe ta kwance ta duba. Ƙwayar ta kumbura, ta yi yauƙi, ta fara tsami. Ko ɗaya ba ta tsaga ta fidda tsiro ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ran sadakar arba'in ta sa aka fito da buhun, ta ce a daka duka. Ƴarta Sakina, da ta zo daga gidan mijinta a Mayahi, ta riƙe taɓarya tana kallonta.

"Inna, ba irin Baba ba ne?"

"Daka, ɗiyata."

Aka dama fura aka fitar wa maza. Zara'u na cikin ɗaki tana jin Isma'ila yana cewa rabonsa da fura mai ƙamshi haka ya manta, a ƙaro masa.