Hannun da Garnet Wiebe Ya Ɓoye

Karsana ce ta jawo komai. Ranar Alhamis da hantsi Garnet Wiebe yana lallaɓa ta ta shiga garke, don haihuwar fari ta zo mata da gardama, sai ta juya ta matse masa wuyan hannun hagu da ƙyauren ƙarfe. Ya jira ɗan maraƙin ya faɗo, ya ga ya miƙe ya kama nono, sannan ya tuƙa mota da hannu ɗaya zuwa asibiti. Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne, ya huta mako biyu.

Ina aka ga mako biyu? Ranar Lahadi ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinsu, Ardwell, za ta kara da 'yan Pennock a wasan ƙarshe, wanda ya ci ya ɗauki kofin gunduma. Wasa ne na sanduna, ana kora ɗan baƙin faifai a kan ƙanƙara zuwa raga. Kuma tun kaka Garnet ya gaya wa matarsa Jolene cewa daga bana ya rataye takalman ƙanƙara. Shekara talatin da takwas ke nan a duniya, gwiwoyi sun fara yi masa magana.

A wasannin kofi ba a faɗin ciwo. Idan abokan hamayya suka san inda ke maka zafi, can sandunansu za su riƙa kuskurewa har a tashi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuwa Malama Marlene Sawchyn ce, kocinsu, tsohuwar malamar firamare wadda fiye da rabin ƙungiyar suka bi ta ajinta. Ba ta da yawan magana, riguna ke magana a madadinta. Ranar atisaye kowane sahu na 'yan gaba uku yakan tarar da rigunansa launi ɗaya a rataye. Mai ciwo kuwa ja yake tararwa, kuma mai jar riga ɗan kallo ne ranar wasa. Shekara goma sha ɗaya Garnet yana sa ruwan ɗorawa a tsakiyar sahun farko. Bai shirya ƙare su da ja ba.

Ban da Jolene, abokan sahunsa biyu kaɗai ya gaya wa. Rémi Lavallée, direban motar 'yan makaranta, shi ke hagunsa tun ranar farko. Ko ido rufe Garnet ya san inda zai same shi. A damansa kuwa Dusty Panchuk ne, mai gyaran wutar lantarki, shekara shida suna tare. Dusty ba shi da aibu sai ɗaya: waya. Garin Ardwell bai cika mutum dubu ba, amma masu bin shafinsa sun haura dubu huɗu, kuma ko atishawa ya yi sai sun sani.

Ranar Asabar da safe su ukun suka zauna a teburin lungu na gidan abincin Uwargida Mah, kamar kowace Asabar. Tsohuwar ta dubi yadda Garnet ke fama da hannun rigar sanyinsa, ta koma ciki, ta dawo da ledar ɗanyen wake daga firiza ta ɗora masa a wuyan hannu. Ba ta tambaya ba. Sirrin rabin garin yana wurinta, ba a taɓa jin ko ɗaya a waje ba.

"Ka ga gata," in ji Rémi. "Ni da na karya hanci bara, ko ƙanƙarar ba a ba ni ba."

"Hancinka gyaruwa ya yi da karayar," Dusty ya ce. An jere masa fanke bakwai a faranti, ya tsiyaya musu zuma, ya ɗaga waya sama yana washe baki.

"Ci abincinka, yaro, kafin ya huce," in ji Garnet.

"Tsoho, jama'ata na jira. Ba ka san nauyin shugabanci ba."

Ba su kai ga kofin gahawa na biyu ba wayar Rémi ta yi ƙara. Ya duba, ya ajiye cokali. Saƙon 'yarsa ne, haɗe da hoton da Dusty ya sa a shafinsa yanzu: Baba, me ya sami hannun Kawu Garnet?

Rémi ya juya wayar ya tura ta gaban Dusty. Ga Dusty da haƙora talatin da biyu, ga tulin fanke, ga kuma Garnet a gefe, ledar wake a kan hannu, kamar an zana don a gani.

"Wayyo Allah." Dusty ya lalubi wayarsa har ya kusa kifar da zuma. "Yanzu zan goge. Ban gan ka ba, na rantse, fanken nake kallo."

"Mutum nawa suka gani?" Rémi ya tambaya.

"Ɗari uku... da goma sha biyu."

"Shekara shida muna cewa wayar nan za ta kashe wani. Ashe da tsoho za ta fara," in ji Rémi.

Garnet ya dubi hoton. Abin da ya tsaya masa a rai jar rigar ce, yana ganinta a rataye kamar yana gabanta. Ya miƙa hannu Dusty ya ba shi wayar. A ƙarƙashin hoton mutane sun fara zuba magana, a ciki har da Brock Tymko, mai tsaron bayan Pennock, ƙato mai faɗin ƙofa. Garnet ya karanta a hankali, yana motsa leɓe: A gaishe min da hannun daman tsoho. Ranar Lahadi zan zo dubiya da sandata.

Ya sake karantawa. Ya dubi hannayensa a kan tebur, ɗaya da wake, ɗaya da waya.

"Dama ya ce?"

Su uku suka sunkuya a kan hoton. A bayansu akwai allon da Uwargida Mah ke rubuta abincin rana, kuma a hoton rubutun ya juya baya, kamar wanda aka leƙa ta cikin gilashi.

"Af!" in ji Dusty. "Ai idan ka juyo ta kana ɗaukar kanka, madubi take zama. Hagu ya koma dama."

Garnet ya jingina da kujera. Ya daɗe yana kallon silin.

"Kada ka goge," ya ce.

"Tsoho?"

"Bar shi. Ka ma ƙara wani. Ka ce ka yi kuskure, kana roƙon jama'a su bar maganar hannuna."

"Ai idan na ce haka kowa sai ya je ya duba."

"To," in ji Garnet, ya jawo farantin Dusty ya ɗauki fanke ɗaya.

Da la'asar ya shiga ɗakin canza kaya don atisaye. Ruwan ɗorawa ya tarar. Bai gama ajiyar zuciya ba Malama Marlene ta leƙo, tabarau a kan hanci.

"Garnet, zo nan. Miƙo hannun da na gani a hoto."

Ya miƙa na dama. Ta juya shi, ta lanƙwasa, ta danna da babban yatsa kamar mai zaɓen tumatir.

"Da zafi?"

"Babu, Malama."

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ta yi masa shekara talatin da suka wuce ranar da ya ce kare ya cinye masa littafi. Sannan ta waiwaya wajen Dusty.

"Dustin, daga yau idan alƙali zai saki faifai, kai za ka tsaya a tsakiya. Garnet ya koma gefe har a fara."

"Ni, Malama? Ai ban iya ba."

"Ka iya ɗaukar hoto. Wannan ma za ka koya."

Rémi ya sunkuyar da kai yana ɗaure takalmi, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Ranar Lahadi da ƙarfe biyu babu masaka tsinke a filin. Jolene ta ɗaure wa Garnet hannun hagu tam da baƙin bandeji, ya ɓuya cikin riga. Na dama kuwa, mai lafiya, ta naɗe shi da fari har ya leƙo saman safar hannu, ana hango shi daga kujerar ƙarshe.

Ba a yi minti biyu ba Tymko ya zo dubiya. Ƙwas! a kan farin bandejin. Garnet ya saki sanda, ya durƙusa, ya rungume hannun. Bai taɓa wasan kwaikwayo ba, amma bai sha wahala ba, don abin da zafi. Alƙali ya busa, aka tura Tymko akwatin horo na minti biyu.

"Ka cika ihu, tsoho," Rémi ya raɗa masa yana miƙo masa sandarsa. "Rage kaɗan."

"Zo ka karɓi ɗaya ka ji."

Haka aka yi ta yi. 'Yan Pennock sun zo da shawara ɗaya, kuma suka riƙe ta da gaskiya: kowa ya gitta sai ya gaisa da hannun dama. Na hagu kuwa ko ƙuda bai sauka a kansa ba. Garnet ba ya iya buga faifai da ƙarfi, sai dai ya tura shi a hankali, amma bayan shekara goma sha ɗaya ba ƙarfi ake buƙata ba, sanin inda mutum zai kasance ne. Dusty ya sha kashi a sakin faifai sau tara a jere, ya ci na goma, ya waiwayo yana neman wanda zai yaba masa. Duk lokacin da wani ƙato ya nufo Garnet a jikin katanga kuwa, sai a ga Dusty ya faɗo tsakani ya karɓi karon. Kafin zubi na biyu ya ƙare leɓensa ya fashe.

"Ya isa haka," Garnet ya ce masa a benci.

"Bai isa ba. Fanke ɗaya ka ci a bashin da kake bi na, saura shida."

Ana biyu da biyu, saura minti huɗu a tashi, Tymko ya kasa haƙuri ya sake kai dubiya, a gaban idon alƙali. Karo na uku ke nan da aka rufe shi. Yana zaune a akwatin yana huci, sai idonsa ya faɗa kan Garnet, ya ga ya ɗauki gorar ruwa da hannun dama ya matsa ta da kyau, hagu na rataye a gefe kamar na aro. Ya miƙe ya fara dukan gilashin akwatin.

"Hagu ne! Ku ji ni, hagu ne!"

Wa zai ji shi? Mutum ɗari takwas na buga ƙafa a katako. Dusty ya ci sakin faifan, ya mayar wa Rémi, Rémi ya zagaya bayan raga ya ba Garnet. Garnet bai ɗaga kai ba. Ya tura faifan ta tsakanin ƙafafun mutum biyu zuwa wani fili da babu kowa, kuma kafin ya isa Dusty yana wurin. Bugu ɗaya ya zura shi a raga.

Da ma Dusty idan ya ci, kusurwar da 'yar'uwarsa ke riƙe da waya yake nufa, ya zame a gwiwa ɗaya. Yau ya tsaya cik, ya juya, ya nuna Garnet da safar hannu, ya riƙe hannun a miƙe har sauran suka rufe shi.

Uku da biyu aka tashi. Da aka jeru ana musabaha, Tymko ya riƙe hannun Garnet na dama, ya dube shi ya girgiza kai.

"Tsohon banza. Wuni guda ina dukan hannu mai lafiya."

"Da safe yana da lafiya," in ji Garnet. "Saki, don Allah."

Gaskiya ya faɗa. Da aka cire safar, wuyan hannun dama ya kumbura ya fi na hagu. Aka miƙo masa kofin a matsayinsa na babba, ya tsaya yana kallonsa. Rémi ya kama kunne ɗaya, Dusty ya kama ɗaya, suka ɗaga shi bisa kansa, shi kuwa yana tsakiya yana tafiya kamar ango.

A ɗakin canza kaya Malama Marlene ta zo ta tsaya a gabansa da leda biyu na ɗanyen wake, saƙon Uwargida Mah. Ta ɗora ɗaya a kowane hannu.

"Shekara talatin da ɗaya ina duba rubutun yaran da ke juya haruffa baya," ta ce. "Kana tsammani allon Mah zai gagare ni?"

Garnet ya dubi ƙasa. "To me ya sa ba ki ba ni ja ba, Malama?"

"Jolene ta kira ni tun ranar Juma'a, ta karanta min takardar likita. Da karaya ce da kana cikin 'yan kallo kana cin gyaɗa." Ta gyara tabarau. "Kuma rigunan ruwan ɗorawa uku na saya. Ban san yadda zan raba su ga mutum biyu ba."

Ta wuce. Dusty ya matso, leɓe a kumbure, waya a hannu, yana juya ta kamar mai riƙe da garwashi.

"Tsoho... hoto ɗaya tak. Mu uku. Idan ka ce a'a, shi ke nan."

Garnet ya dubi Rémi, Rémi ya ɗaga kafaɗa. Garnet ya miƙe, ledojin suka zube ƙasa, ya shiga tsakaninsu, ya mai da hannayensa biyu baya ya ɓoye.

"Ɗauka," ya ce. "Amma fara duba abin da ke bayanmu."