Ruwa Mai Albarka a Yankin Taura

…ga kalmar nan kuma, a layi na uku. Torrent. Takardar masu hasashen yanayi ce, da Turanci, ni kuma aikina in mayar da ita Hausa in karanta a labaran safe na rediyo. Saura minti shida.

Na san ma'anarta, Yaya Falalu. Bara ma na sani, ba zan yi maka ƙarya ba. Ruwa ne mai gudu a fusace, mai tumɓuke bishiya, mai jan saniya kamar tsumma. Sau biyu na buɗe ƙamus a ranar — me nake nema a ciki, izini?

Amma ruwa rahama ne, ba a yi masa mugun baki. A kan haka Baba ya tarbiyyantar da mu a Limawa. Ka tuna da na ce hadari ya ɓata mana wasa, ya murɗe min kunne, kai kana gefe kana ƙyalƙyala dariya? To, shi ya sa bara na tausasa kalmar. Na ce, "Ana sa ran ruwa mai albarka a yankin Taura." Har yaba min aka yi a ofis, wai Sa'adiyya ta iya Hausa.

Ta iya Hausa…

Kai kuma ka ɗaure buhun taki a babur, ka nufi gonarka a yankin Taura. Kwarin nan da kake ratsawa kullum, ruwansa bai taɓa wuce gwiwa ba. Ranar ya wuce. Kwana biyu ana nemanka. Hularka aka fara gani, maƙale a jikin ƙaya.

Yanzu ga Isah mai na'ura yana ƙwanƙwasa gilashi, ya ɗaga min yatsu biyu, saura minti biyu. Me zan ce yau? Ambaliya? Ba ita ba ce, ambaliya ai tana sallama. Ruwa mai kisa? Baba yana saurare… Na gaji, Yaya, wallahi na gaji.

Jar fitilar fara labarai ta kusa kamawa.

Matarka Nuriyya ba ta taɓa ɗora min laifi ba. Ta dai ce in lokacin labarai ya yi sai ka ƙure murya, ka ce wa maƙwabta, "Ku yi shiru, ƙanwata ce." Kullum, in ji ta. Shekara guda ina zuwa gidan, ina goya 'ya'yanka, muna cin tuwo kwano ɗaya — ban taɓa tambayarta ko ranar ma rediyon a kunne yake ba.

Ban tambaya ba… Nuriyya ba ta iya ƙarya ba.