Raudatu Za Ta Riƙe Bindiga

Shafa'atu ta ajiye takardar a kan tabarma, tsakanin butar shayi da farantin dabino, ta tura ta gaban mijinta.

"Malam, sa hannunka kawai ya rage."

Malam Awwalu bai kai ga ɗauka ba, yayansa Ƙasimu ya riga shi. Ya gyara tabarau ya karanta Larabcin a hankali, irin karatun malamin jami'a da ya saba duba jarrabawa. Takardar izini ce daga wani kulob na koyon harbi da ke bayan gari, can kan hanyar filin jirgi, ɓangaren mata. A sama an rubuta sunan 'yarsu Raudatu, shekara goma sha biyar.

"Bindiga?" Ƙasimu ya ɗago. "Shafa'atu, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya."

Shekara tara ke nan suna zaune a wannan ƙaramin gida na unguwar Ƙurban, tun da Awwalu ya zo karatu Madina. Raudatu a nan ta yi wayo. Shekara biyu da suka wuce suka kai ta hutu ƙauyensu a Zamfara don ta san danginta, ranar kasuwa da la'asar 'yan bindiga suka shigo garin. Yarinyar ta kwanta ƙarƙashin rumbu har magariba tana jin harbi. A ranar aka kashe Maigandi, ƙanin Ƙasimu da Awwalu, a bakin shagonsa.

Tun da suka dawo, ko murfin tukunya ya faɗi sai jikin Raudatu ya ɗauki rawa. A makaranta wata ta fasa balan-balan, aka sami Raudatu ƙarƙashin tebur, 'yan ajin suka yi ta dariya sati guda. An yi addu'a, an je asibiti, abin ya ɗan lafa amma bai tafi ba.

Raudatu da kanta ta zo da maganar. Maƙwabciyarsu Hanan, Basaudiya ce jikar Kanawan da suka zo hajji suka zauna, ita ke koyar da 'yan mata harbi a kulob ɗin. Raudatu ta ga hotonta a waya riƙe da bindiga tana murmushi, bayan kwana uku ta sami uwarta a kicin.

"Umma, ban taɓa ganin bindiga da idona ba. Ƙararta kawai na sani. Ina so in riƙe ta."

Wannan maganar Shafa'atu ta maimaita wa Ƙasimu. Ya jijjiga kai.

"Abin da ya kashe mana Maigandi za ki danƙa wa yarinya? A garin Manzon Allah? Mutane su ce 'yar gidan malamai ta zama maharbiya?"

Shafa'atu ta ga idonsa ya kaɗa, ta san ba son girma ne kawai ba. Shi ya wanke gawar Maigandi. Amma ita ce take tashi duk lokacin da yarinyar ta farka da ihu.

"Yaya, mutanen da za su yi magana, ina suke ranar da aka ciro ta ƙarƙashin tebur? Shekara biyu muna rufe ƙofa a hankali kamar ɓarayi a gidanmu. Na gaji. Ita ma ta gaji."

"Ban yarda ba."

"Allah ya ba ka haƙuri. Ba yardarka na kawo takarda nema ba, ta ubanta ce."

Shafa'atu ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Awwalu mutum ne da bai taɓa musa wa yayansa ba ko a kan lokacin buɗa-baki. Ya dubi takardar, ya dubi labulen ɗaki inda ƙafafun Raudatu suka leƙo ta ƙasa. Ya zaro biro daga aljihu ya sa hannu. Ƙasimu ya miƙe, ya sa takalmi, ya bar shayinsa ko kurɓa bai yi ba.

Ranar Asabar da safe Hanan ta ɗauke su a motarta. Hausarta rabi ce, tana farawa sai Larabci ya ƙwace.

"Yalla, ya Raudatu. Doka ta farko, kowace bindiga akwai harsashi a cikinta, ko da na rantse miki babu. Ta biyu, bakinta ba ya kallon mutum, abadan. Ta uku, yatsa ba ya taɓa kunama sai kin yi saiti. Kin fahimta?"

"Na gane, Abla," in ji Raudatu, yadda ake kiran malama a can.

Da bindigar iska suka fara, a wani dogon ɗaki mai sanyi. Hanan ta buɗe ta, ta nuna mata cikinta, ta ɗora mata a hannu. Raudatu ta juya ta kalli uwarta.

"Umma, ashe ƙarfe ne da katako."

Harbi biyar ta yi, ƙararsa bai wuce tafi ba, uku suka huda takardar saiti. Shafa'atu har ta fara hamdala a zuci. Suna fitowa za su mota, wani a filin waje ya saki bindiga mai baki biyu. Raudatu ta zube a kan tsakuwa, ta rufe kai da hannuwa, ta yi amai a jikin abayarta.

Kafin la'asar labari ya zaga matan ɗaliban da ke karatu tare da Awwalu, don wata ta gan su suna shigowa da yarinyar a riƙe. Sa'adiya matar Ƙasimu ta bugo waya.

"Ai dama an faɗa miki. Yanzu sai ki haƙura ki zo ki ba yayanku haƙuri."

"Asabar mai zuwa za mu koma," in ji Shafa'atu, ta kashe wayar.

Bayan ta kashe ne tsoro ya kama ta. Idan fa ita ce ke ƙara wa yarinyar ciwo saboda taurin kai? Ta shiga ɗaki ta sami Raudatu a zaune da takardar nan mai huji uku.

"In ba kya so, mu bari. Ba wanda zai ce kin gaza."

"Za su ce, Umma. Kuma ni ma zan ce."

Da suka koma, Shafa'atu ta ce wa Hanan a kai su filin waje, inda ake harbin faifan yumɓu da inji ke cillawa sama. Hanan ta ce ya yi wuri.

"Ba ita za ta harba ba. Ni ce."

Aka sa musu abin toshe kunne da tabarau. Raudatu ta tsaya can baya, ta riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu. Shafa'atu, wadda ko kaza ba ta iya kallo ana yankawa, ta kafa gindin bindiga a kafaɗa yadda aka nuna mata. Faifan ya tashi, ta rufe ido ta ja kunama. Bindigar ta tokare ta har ta ja da baya taku biyu, ta saki salati da ƙarfi, faifan kuma ya sauka lafiya ƙalau a kan yashi. Sau biyar ta harba, sau biyar yana sauka lafiya.

Da ta waiwaya, Raudatu na nan tsaye. Jikinta na rawa, hawaye na zuba, amma dariya take yi.

"Umma, ai rufe ido kike yi!"

"To zo ki buɗe naki mu gani."

Ba ta zo ba ranar. Sati shida ta ƙara a kan bindigar iska, sannan ƙaramar bindiga mai harsashi, tana kwance a tabarma tana koyon riƙe numfashi. Wata Asabar ɗin sai ta kasa fitowa daga mota, su juya gida. Wata kuma ta cika tsakiyar takarda da huji. A wata na uku ta ce a ba ta mai baki biyu. Cikin faifai ashirin da biyar ta fasa huɗu, kafaɗarta ta yi baƙi kwana biyar, tana ta nuna wa ubanta.

Duk tsawon lokacin Ƙasimu bai tako gidansu ba, ya kuma hana 'yarsa Sumaya zuwa. Ranar ƙaramar salla Awwalu ya ce dole su je gaisuwa unguwar Bani Harisa, inda yayan nasa yake. Shafa'atu ta shirya ba musu.

Raudatu ta durƙusa ta gaida baffanta. Ya amsa, ya tambayi karatu, ya tambayi hadda. Ta ba shi amsa duka, sannan ta ƙara da cewa, "Baffa, yanzu ina fasa tara cikin ashirin da biyar."

Sa'adiya ta daskare da tire a hannu. Ƙasimu ya daɗe yana kallon yarinyar.

"Ba na son jin wannan maganar a gidana."

"To, Baffa. Ba zan ƙara ba." Ta sunkuyar da kai cikin ladabi. "Amma akwai gasa bayan salla, na ba da sunana."

Shafa'atu ba ta tsawata mata ba. Ta miƙa hannu ta karɓi tiren daga hannun Sa'adiya, ta fara zuba wa kowa gahawa, ta fara da Ƙasimu.