Bunsurun Kaka Ya Je Allura

A shekarun da allurar fanisilin ta shigo Kano, mutanen Fagge sun ɗauka an gama da ciwo a duniya. Mai tari allura, mai gyambo allura, har wanda kasuwa ta juya wa baya sai ka ji ana ba shi shawarar ya je a soka masa. Kaka, wata tsohuwar Babarbariya a Rijiyar Lemo, tana sahun gaba wajen yarda da ita, don ita ta raba ta da ciwon ƙirji a daminar bara.

Damuwar Kaka ita ce Zara, matar ɗanta Ari. Cikin Zara ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, kai kuma yana sara mata kullum. Cikinta na fari zubewa ya yi, Kaka kuwa tsoro take ji kada wannan ma ya tafi, ko ya tafi da uwar. Ari ya tafi Nguru sayen fatu, ya kuma bar magana cewa kada matarsa ta taka ƙofar gida sai ya dawo. Balle a ce wani ƙato ya ɗage mata zane ya soka allura.

Kaka ta yi tagumi ta yi tagumi, sai dabara ta faɗo mata, har ta yaba wa kanta. Ai abin da dabba ta ci yana zama a namanta. To, a yi wa dabba allurar, a yanka, a yi farfesu, Zara ta sha romo. Magani ya shiga jiki, maganar Ari kuma ba ta faɗi ƙasa ba.

Da hantsi ta ɗaure bunsurunta ta ja shi zuwa Sabon Gari, yana turjiya tana zaginsa da Barbarci. Ta tsaya a shagon Sylvester, mai sayar da magani, wanda a tarihinsa bai taɓa ganin abin da bai cancanci allura ba. Kafin su gama gaisawa ya matse bunsurun tsakanin gwiwoyinsa ya zuba masa fanisilin a cinya. Bayan ya zare allurar ne ya tuna da tambaya.

"Mama, me ke damunsa?"

"Kumburin ƙafa, Likita. Da ciwon kai. Wani lokaci har duhu-duhu ake gani. Ga kuma ciki ya tsufa."

Sylvester ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin bunsurun, ya ɗago ya dubi Kaka.

Matarsa Philomena, wadda ta koyi ungozoma a asibitin mishan, tana can ciki tana jin su. Ta fito tana goge hannu.

"Mama, wace ce mai cikin?"

Kaka ta ga babu amfanin ɓoyewa, ta zayyana mata komai, har da farfesun, da ɗan alfahari a muryarta. Sylvester ya fara dariya, matarsa ta harare shi ya haɗiye.

"Mama, romo ba allura ba ne," in ji Philomena. "Naman dabbar da aka yi wa allura yau kuma, ba a ba mai ciki, sai maganin ya gama fita daga jikinta. Abin da kika faɗa ma ba ciwon fanisilin ba ne. Mu je in gan ta. Ni mace ce, ai ban da ni a dokar."

Suka kamo hanyar Fagge, bunsuru na biye yana ɗingishi. Philomena ta shiga ɗaki, ta danna ƙafar Zara da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta duba idanunta, ta miƙe.

"Asibiti, Mama. Yau. In jijjiga ta kama ta a ɗakin nan, ni ba ni da abin da zan yi mata."

Kaka ta juya. Ta dubi Zara, wadda ke kallon ƙasa, ta tuna ba a taɓa tambayarta ra'ayinta ba. Tausayi da haushin kanta suka kama tsohuwar. Ta jawo mayafinta na zuwa biki ta lulluɓa mata, ta kama hannunta.

A ƙofar gida Malam Modu, ƙanen marigayi mijin Kaka, yana zaune kan tabarma da maƙwabta. Ya ga mata uku sun fito, ya gane ta tsakiyar, ya ajiye carbi.

"Yaya, ina zuwa haka? Shi maigidan ya ba da izini?"

Kaka ba ta ko rage tafiya ba.

"Ranar da zan haife shi, ubansa ma ya yi tafiya," in ji ta. "Da na jira izini, da yau babu wanda za ka tambaya."